Jagorar Sa Taki: Yadda Wurin da Ka Ajiye Shi Ke Ƙayyade Naitirojin ɗin da Shuka Za Ta Sha

Buhun yuriya mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, domin kashi 46 cikin 100 na yuriya ne naitirojin. Nawa ne daga cikin kilo 23 ɗin nan ke shiga jikin shuka? A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Oklahoma a Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun yi lissafin noman hatsi na duniya baki ɗaya, suka ƙiyasta cewa kusan kashi 33 cikin 100 na naitirojin ɗin da ake zubawa ne kaɗai ke dawowa cikin hatsin da aka girbe. Sauran kuwa, wani ya maƙale a ƙasa da kara, wani ya bi iska, wani ya bi ruwa, wani ciyawa ta cinye.

Ba duk asarar nan ce ke hannun manomi ba, tunda ba shi ke da iko da ruwan sama ko zafin rana ba. Amma wurin da ƙwayar taki za ta zauna, wannan kam shi ke zaɓa. A ganina, kafin mutum ya yi tunanin ƙara buhu, gara ya fara gyara inda yake ajiye wanda ke hannunsa.

Da farko, ka san abin da ke faruwa da taki bayan ya taɓa ƙasa

Shuka tana shan naitirojin ta siffa biyu, amoniyam da naitiret, kuma halinsu ya sha bamban. Amoniyam yana da cajin lantarki na ƙari, laka da ruɓaɓɓen ganye kuma suna da cajin ragi, saboda haka yana manne musu kamar yadda ƙusa ke manne wa maganaɗisu. Ruwa ba ya saurin kwashe shi, kuma ba ya nisa da inda aka sa shi. Naitiret kuwa cajinsa na ragi ne, ƙasa ba ta riƙe shi, duk inda ruwa ya nufa nan yake bi. Wannan yana da amfaninsa, domin idan shuka ta jawo ruwa zuwa saiwarta, naitiret yana biyo ruwan ya iso gare ta. Illarsa kuma ita ce, idan ruwa ya yi yawa ya nutse, tare suke nutsewa har su wuce inda saiwa ke kaiwa.

Yuriya ba ta cikin waɗannan siffofi biyu, sai ta sauya tukuna. Da ta ji danshi sai ta narke, wani sinadari da ake kira yuriyes, wanda ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa, ya fasa ta zuwa amoniyam. A ƙasa mai ɗumi da danshi wannan ba ya wuce 'yan kwanaki. A nan matsalar take. Yayin da ake wannan sauyi, ma'aunin pH (ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, wanda 7 ne tsaka-tsakinsa) na 'yar ƙasar da ke kewaye da ƙwayar yana tashi har ya doshi 9, kuma a wannan yanayi amoniyam yana komawa iskar ammoniya. Idan ƙwayar a saman ƙasa take, iskar ta tashi ke nan. Idan kuwa akwai ƙasa santimita biyar a kanta, laka da danshin da ke sama za su kama iskar kafin ta fita. A yanayi mara kyau, asarar yuriyar da aka bari a sarari tana iya haura kashi 30 cikin 100, kuma ba a ganinta da ido. Wani lokaci dai mutum yakan ji warin ammoniya idan ya ratsa gonar.

Amoniyam ɗin da ya tsira ma ba ya dawwama. Bakteriyar ƙasa, irin su Nitrosomonas da Nitrobacter, suna mayar da shi naitiret cikin mako biyu zuwa huɗu idan akwai ɗumi da iska a ƙasa, aikin kuma yana ja baya sosai idan zafin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Salsiyos. Ga wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan aka tara taki a layi ɗaya ko rami ɗaya, ƙarfin gishiri da ammoniyar da ke wurin yana hana waɗannan bakteriya sakewa, sai su riƙa cin sa daga gefe a hankali. Ma'ana takin da aka tara yana daɗewa a siffar amoniyam, wadda ruwa ba ya wankewa, fiye da wanda aka watsa ya gauraya da ƙasar gona duka.

Sauran hanyoyin asara biyu ne. Idan ruwa ya kwanta ƙasa ta rasa iska, wasu bakteriya suna amfani da naitiret a madadin iskar shaƙa, su mayar da shi iskar da ke tashi sama. Sannan idan akwai kara ko busasshiyar ciyawa da yawa, halittun da ke ruɓar da su suna kwashe naitirojin ɗin da ke kusa su gina jikinsu da shi. Wannan ba ɓata ya yi ba, zai dawo daga baya, sai dai sau da yawa yana dawowa ne bayan shuka ta wuce lokacin buƙata.

Duba ƙasarka, duba takinka

Ka damƙi ƙasa mai danshi a hannu. Idan ta wargaje da ka buɗe hannu, yashi ya yi mata yawa, ba ta da ƙarfin riƙe amoniyam, ruwa kuma yana ratsa ta da sauri. Irin wannan ƙasa tana son a raba taki kashi biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, kada kuma a zurfafa shi fiye da kima. Idan ta dunƙule ta yi danƙo, laka ce. Tana riƙe taki, amma haɗarinta kwanciyar ruwa ne. Idan gwajin ƙasa ya nuna pH ɗinta ya haura 7, ka ɗauki binnewa a matsayin dole, domin a irin wannan ƙasa har amoniyam salfet, mai naitirojin kashi 21, yana asara idan aka bar shi a sarari.

Takin CAN, mai naitirojin kashi 26 zuwa 27, rabin naitirojin ɗinsa naitiret ne, rabi amoniyam, kuma asararsa ta iska kaɗan ce, shi ya sa ya fi yuriya jure zama a saman ƙasa. Takin DAP yana da naitirojin kashi 18 da fosfet, wani sinadarin abincin shuka dabam, kashi 46, wurinsa cikin ƙasa ne lokacin shuka. Manyan gonakin da ke amfani da iskar ammoniya tsantsa, mai kashi 82, da injin suke cusa ta santimita 15 zuwa 20 cikin ƙasa, don ba ta da wata hanyar zama.

Lokacin shuka: a gefe, kuma a ƙasa da iri

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a noman layi ita ce santimita 5 a gefen iri, santimita 5 kuma ƙasa da zurfinsa. Injinan shuka da yawa a kan wannan awo aka ƙera su. Mai aiki da hannu zai iya yin haka: ka sara ramin iri, ka bar tazarar kamar yatsu uku, ka huda rami na biyu da sanda mai tsini wanda ya ɗan fi na irin zurfi, ka zuba taki, ka rufe, ka taka.

Me ya sa ba za a haɗa su rami ɗaya a huta ba? Saboda taki gishiri ne, yana janye danshi daga jikin iri mai shirin tsirowa, ammoniyar da ke fita daga yuriya ko DAP kuma tana ƙona 'yar saiwar farko. Sakamakon shi ne gona mai giɓi, a dawo ana zargin iri. Haɗarin ya fi tsanani a ƙasa mai yashi da ƙarancin danshi. Me ya sa kuma ba za a nisanta shi sosai ba? Saboda ƙaramar shuka saiwarta gajera ce, kuma fosfet ɗin da ke cikin takin farko kusan ba ya motsi a ƙasa, sai saiwa ta je ta same shi. A ƙasa da iri ake so ya kasance domin saiwa ƙasa take nufa, kuma can ne danshi ya fi daɗewa. Takin da ke cikin busasshiyar ƙasar sama ba ya amfanar shuka komai yawansa.

Saiwa ma tana da nata wayon. A 1975 masani M. C. Drew ya nuna, a gwajin da ya yi da sha'ir a Ingila, cewa idan wani yanki na saiwa ya ci karo da wurin da naitiret, amoniyam ko fosfet ya taru, sai ya fitar da ƙananan saiwoyi masu yawa a daidai wurin. Saboda haka kada ka damu cewa takin yana gefe ɗaya kawai. Shuka za ta tura saiwa can. Ƙari a kan haka, idan amoniyam da fosfet suna wuri ɗaya, shan amoniyam yana ƙara ɗan tsami a kewayen saiwa, wanda ke taimakawa fosfet ya narke. Ciyawar da ke tsakanin layuka kuwa ba ta samun rabon da take samu idan aka watsa.

Akwai togaciya ɗaya. Cibiyar bincike ta ICRISAT ta yaɗa wata dabara a yankin Sahel, ta sa ɗan mitsitsin taki a ramin shuka, kamar giram 6 na NPK 15-15-15 ko giram 2 na DAP. Wannan yana yiwuwa ne saboda ƙanƙantarsa, kuma ko a nan gara a sami ƙasa tsakanin taki da iri, a kuma yi shi da danshi. Kada a kwaikwayi haka da yuriya.

Game da yawa, abin da za ka ba da lokacin shuka kada ya wuce kwata zuwa sulusin naitirojin ɗin da ka tanadar wa kakar. Shukar da ba ta wuce ganye uku ba abin da take sha kaɗan ne, sauran zai zauna ne yana jiran ruwa ya kwashe shi.

Taki na biyu, inda aka fi yin ɓarna

Masara tana fara shan naitirojin da ƙarfi daga lokacin da ta yi ganye shida, tana dosar gwiwa, har zuwa fitar fure. Kafin ta fitar da gemu ta riga ta sha fiye da rabin abin da za ta sha a rayuwarta. Ana so babban kason taki ya riga ya shiga ƙasa gab da wannan lokaci. Ka fara yin noma tukuna, kada ka ciyar da ciyawa.

Ka huda rami mai zurfin santimita 5 zuwa 8, nesa da gindin shuka da santimita 10 zuwa 15, ka zuba, ka rufe. Idan shukar layi ce mai kusanci, ka ja ɗan kwari a gefen layin da bakin fartanya, ka zuba a ciki, ka mayar da ƙasa. A wannan mataki ba sai ka matsa kusa ba, domin saiwoyi sun riga sun bazu, naitirojin kuma zai koma naitiret ya bi ruwa ya same su. Masu injin har tsakiyar layuka biyu suke cusa shi. Matsawa jikin kara ba ya ƙara komai sai yanke saiwa da ƙuna. Kada kuma ƙwaya ta faɗa cikin kan shuka inda sabon ganye ke fitowa.

Idan a kan kunya ka shuka, ka sa takin a kafaɗar kunyar, sannan ka yi huɗa ta rufe shi. Kwarin da ke tsakanin kunyoyi hanyar ruwa ce, abin da aka zuba a can ko ya bi ruwa ya fice daga gonar, ko ya kwanta cikin taɓo ya tashi. A gangare, ka sa shi a gefen shukar ta ɓangaren tudu, don ruwan da zai gangaro ya kawo shi wurin saiwa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, wato jira sai an ɗauke ruwa a fito a watsa yuriya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bar ta haka. Mai yin haka yana ganin takin ya narke nan take sai ya ɗauka ya shiga. Narkewa dabam, shiga dabam. Danshin saman ƙasa ya isa ya narkar da yuriya ya tayar da aikin yuriyes, amma bai isa ya tura ta ciki ba. Rana ta fito, ƙasa ta fara bushewa, ammoniya ta bi tururin. Raɓa da yayyafi ma haka suke yi. Abin da ke shigar da yuriya ƙasa shi ne ruwa mai kimanin milimita 10 zuwa 15 da ya sauka bayan an zuba ta, cikin kwana ɗaya ko biyu. Tunda ba ka da tabbacin samun sa, rufewa da ƙasa ita ce abin dogaro. Danshi kana son sa, amma a cikin ramin da ka rufe.

Lissafin abin da kowane rami zai samu

Mai watsawa yana iya yin kirdado, mai binnewa kuwa sai da awo. A ce kana son ba da naitirojin kilo 60 a hekta ɗaya da yuriya. Ka raba 60 da 0.46, ka sami kusan kilo 130. Idan tazarar layukanka santimita 75 ce, tsakanin shuka da shuka kuma 25, kana da gindi kusan 53,000 a hekta, kowanne zai samu kusan giram biyu da rabi. Idan a kwari za ka zuba, tsawon layukan hekta ɗaya ya kai mita 13,300, wato kusan giram 10 a kowace mita. Ka auna wannan sau ɗaya a ƙaramin sikeli, ka nemi murfi ko cokalin da ya yi daidai da shi, ka ba kowane ma'aikaci irinsa. Hannu kaɗai ba ya awo, da safe yana cika, da yamma yana raguwa.

Shinkafar da ke cikin ruwa

A nan ne bambancin wuri ya fi fitowa fili. Ƙasar da ruwa ya rufe tana da hawa biyu: wani siririn hawa a sama mai ɗan iska, da taɓon da ke ƙarƙashinsa wanda ba shi da iska. Yuriyar da aka watsa cikin ruwa tana narkewa a ruwan, gansakukar da ke ciki kuma tana ɗaga pH ɗin ruwan da rana, ammoniya ta tashi. Wanda ya sauka a siririn hawan sama yana komawa naitiret, ya gangara cikin taɓo, bakteriya su mayar da shi iska. Idan aka buɗe ruwa ya fita, ya tafi da saura. Shi ya sa shinkafa sau da yawa ba ta samun fiye da sulusin yuriyar da aka watsa mata ta wannan hanya.

Idan kuwa aka cusa yuriyar cikin taɓon da ba shi da iska, bakteriyar da ke mayar da ita naitiret ba sa aiki a can, sai ta zauna a siffar amoniyam tana jiran saiwa. Wannan ne tushen dabarar dunƙulen yuriya da cibiyar IFDC ta yaɗa, musamman a Bangladesh. Ana matse yuriya ta zama dunƙule mai giram 1.8 ko 2.7. Sai a dasa shinkafa a layi, santimita 20 ta kowane gefe. Bayan kamar mako guda da dashe, taɓo ya zauna, ruwa kuma ba shi da zurfi, sai a cusa dunƙule ɗaya santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar kowane gindi huɗu, a toshe ramin da taɓo. Hakan yana ba da rami 62,500 a hekta: da ƙaramin dunƙule yuriya kilo 112 ke nan, wato naitirojin kusan kilo 52, da babba kuma kusan kilo 78. Sau ɗaya ake sawa. Aiki ne mai cin baya, dashen layi kuma sharaɗi ne, sannan ba ya dacewa da ƙasa mai yashi da ruwa ke zurarewa.

Wanda ba shi da dunƙule, ya cakuɗa takin farko da taɓo lokacin gyaran fili. Lokacin taki na biyu kuma ya rage ruwa sosai kafin ya zuba, ya mayar da ruwan a hankali bayan kwana ɗaya ko biyu, ya toshe mafita na 'yan kwanaki. Takin da ke da naitiret ba na shinkafar ruwa ba ne.

Ban-ruwa da gonar da aka bar wa kara

A ban-ruwan kwari, ka binne takin a gefen kunya, kada ka zuba a tsakiyar kwarin, kuma ruwan farko bayan sa taki ya zama matsakaici. Mai ban-ruwan ɗigo da ke haɗa taki cikin ruwa ya fara da ruwa zalla, ya saki takin a tsakiya, ya rufe da ɗan ruwa zalla don wanke bututu. Idan wankin ya yi tsawo, zai tura naitiret ƙasa da saiwa.

Barin kara a gona yana kare ƙasa da danshinta, amma kara cike yake da yuriyes, yuriyar da ta faɗa kansa kuma ba ta ma taɓa ƙasa ba. A nan asarar iska da kamun halittun ruɓa suna haɗuwa. Ka ture karan, ka sa taki a ƙarƙashinsa cikin ƙasa, ka mayar da shi.

Idan watsawa ta zama dole

Alkama ko shinkafar tudu da aka shuka da cunkoso ba za a bi su gindi-gindi ba, wani lokaci kuma ma'aikata ne babu. Kafin shuka, ka watsa ka bi da garma a ranar. Bayan tsiro, ka watsa a kan busasshiyar ƙasa da busasshen ganye gab da ban-ruwa, ko gab da ruwan da ake sa rai, ba mamakon da zai share gona ba. Ka fifita CAN idan akwai, ko yuriyar da aka shafa wa NBPT, sinadarin da ke jinkirta aikin yuriyes na kimanin mako ɗaya zuwa biyu. Lokaci kawai yake ba ka, idan ruwa bai zo ba asarar za ta biyo baya.

Ka gwada a gonarka

Ka ware layuka kaɗan masu ƙasa iri ɗaya, ka raba su uku: ɗaya ka watsa, ɗaya ka binne daidai wannan awo, ɗaya ka hana shi naitirojin gaba ɗaya don ka ga abin da ƙasar ke bayarwa da kanta. Ka riƙa duba ganyen ƙasa, domin ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganye yake farawa. A masara rawayar tana fitowa daga bakin ganye ta bi jijiyar tsakiya. Idan ƙunar ta bi gefen ganye ne, wannan ya fi kama da ƙarancin fotash, wani sinadarin abincin shuka dabam. Shukar da ta yi yaushi ko ta ƙone kwana kaɗan bayan sa taki, an matso mata da shi kusa ne ko awo ya yi yawa. Koren ganye yana iya ruɗi, saboda haka lokacin girbi ka cire kowane kashi dabam, ka busar, ka ɗora a sikeli, ka rubuta tare da kwanakin aikin da kowanne ya ci.